Daga Salaga Zuwa Bawku a Kan Keke: Jawabin Tsofaffin Masu Bishara a Ranar Jubili

 

An roƙe mu, mu tsofaffin da suka ragu daga cikin masu bishara na fari, mu ba da labarin yadda aka yi aikin nan tun da aka fara shi a 1975. Muka zauna muka yi shawara, muka ga idan muka ce za mu faɗi labarin shekara 50, rana za ta faɗi ba mu kai rabi ba. Sabo da haka muka zaɓi yini ɗaya tak daga cikin dukan shekarun nan, watau ranar da muka gangara dutsen Nakpanduri a kan keke. Amma kafin mu hau, ya wajaba mu tuna da waɗanda suka riga mu bin hanyar.

HANYAR DA MUKA GADA

Hanyar nan ba mu muka share ta ba. Tun zamanin kakannin kakanninmu fatake su ke binta. Sukan taso daga Kano da Katsina da jakuna da takarkarai, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su haye Kwara, su biyo ta Sansanin Mango da Yendi, har su sauka Salaga, inda su ke sayen goron da ya fito daga kurmin Tonawa. Wannan shi ne fataucin Gwanja da mu ke ji a bakin tsofaffi. Tafiya ce ta watanni. Ko wane ayari yana da madugunsa, da jagaba mai sanin hanya da mashaya. Inda suka yada zango, nan unguwa takan tsiro, shi ya sa har yau a ke kiran unguwanninmu zango, shi ya sa kuma harshen da mu ke yi muku magana da shi yanzu ya zama na kasuwa daga Salaga har Bawku.

Kada kuwa mu ɓoye abin baƙin ciki. A kasuwar Salaga ba goro kaɗai aka sayar ba, har da 'yan Adam. Rijiyoyin da a ke shayar da bayi suna nan, kowa yana iya zuwa ya gani. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin, fatake da malamai da yawa suka koma Kete-Krachi, cikinsu har da shahararren malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano.

Masu bishara su ma hanyar fatake suka biyo. A 1877 'yan ƙasa biyu na Mishan ɗin Basel, David Asante da Theophilus Opoku, suka zo Salaga daga kudu, suka ga kasuwar da idonsu. A 1910 likita Rudolf Fisch ya zaga ƙasashen nan na arewa, ya kuma yi nazarin harshen Dagwamba. A 1913 Basel suka buɗe tasha a Yendi, lokacin garin yana hannun Jamus, amma Babban Yaƙi ya sa aka rufe ta a 1916. Shuka ta kwanta a ƙasa shekara 15. A 1931 Lloyd Shirer da matarsa Margaret na Assemblies of God suka shigo Yendi daga ƙasar Mosawa, aikinsu kuma ya kai Bawku a 1937. Wajen 1950 Otto Rytz ya zauna Salaga yana aiki cikin Gwanjawa. 'Yan WEC suka yi jinyar kutare kusa da Kpandai. Ekklesiyar Presbyterian ta karɓi asibitin Bawku a shekarun 1950, Baptis kuma suka buɗe nasu a Nalerigu a 1958. Waɗannan duka sun yi noma, mu kuwa muka shigo gona da shuka ta riga ta fito.

ABIN DA YA SA MUKA HAU KEKE

A watan Janairu na 1978 aka kira taron masu bi a Bawku. Samarinmu na yau za su ce, me ya hana ku shiga mota? To, ku tambayi iyayenku yadda ƙasar Gana ta ke a ƙarshen mulkin Janar Acheampong. Sabulu da sukari sai da layi, man fetur sai da sanayya. Manyan motoci suna jingine a kan duwatsu a tasha sabo da rashin taya da kayan gyara. Mutum yakan kwana uku a bakin hanya yana jiran mota, in ta zo kuma ta zo cike.

Akwai kuma wani dalili wanda ya fi wannan. A 1976 aka buga Sabon Alkawali cikin harshen Kusasi, a 1977 kuma aka buga na Konkomba. Kafin wannan, Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda ya fito a 1932 shi ne a hannun yawancinmu, mai wa'azi ya karanta, wani ya juya wa jama'a. Ana nan sai wani akwati cike da Sabon Alkawali na Kusasi ya iso hannun wani ɗan'uwa a Yendi, ya zauna nan wata biyu ba motar da za ta kai shi arewa. Ga mayunwata a can, ga abinci a nan. Muka ce, tun da Allah ya ba mu ƙafafu da kekuna, mu raba littattafan nan, kowa ya ɗaura nasa rabo a kariya.

Muka tashi Salaga ran Jumma'a mu 6, muka haye kogin Daka, wanda dā shi ne iyaka tsakanin Ingilishi da Jamus, muka kwana Bimbilla, inda mutum 2 suka shiga cikinmu. Ran Asabar muka wuce ta Adibo, inda Dagwambawa suka kara da sojan Jamus a 1896, muka isa Yendi. Muka yi sujada a can ran Lahadi. Ran Litinin muka tashi mu 14, muka kwana Gushegu, ran Talata kuma Gbintiri. Tafiyar duka daga Salaga zuwa Bawku wajen mil 200 ce. Saura mana fiye da mil 50 da dutse a tsakani, taro kuwa za a buɗe shi ran Alhamis da safe.

Ku duba irin ayarin. Akwai Gwanjawa, akwai Nanumbawa, da Dagwambawa, da Konkombawa, da ɗan Bimoba ɗaya, da 'yan Kusasi biyu, da Bamampurushe, da waɗanda aka haifa a zango ba su san wani harshe ba sai Hausa. Da Hausa mu ke addu'a, da ita mu ke gardama, da ita mu ke ba'a. Muka naɗa wani dattijo mutumin Gwanja madugu, gama ya fi mu shekaru da haƙuri. Ɗan Bimoba ya zama jagaba domin ƙasarsu za mu ratsa. Wani ƙaƙƙarfan ɗan Dagwamba aka sa shi a ƙarshen layi, da famfo da faci da sholisho da sifana, aka ce masa kada ya bar kowa a bayansa. Kekunan kuwa yawancinsu tsofaffin Raleigh ne na Ingila, da Phoenix na ƙasar Sin biyu ko uku, ba mai giya ko ɗaya.

ASUBA A GBINTIRI

Ran Laraba muka farka tun zakara bai yi cara na biyu ba. Hunturu ya kankama. Sanyi yana ratsa ƙashi, leɓuna sun tsattsage, ƙafafu sun yi kaushi. Muka shafa man kaɗanya, muka sha koko da zafinsa, muka cika goruna da ruwa. Madugu ya karanta mana labarin yadda Ubangiji ya aiki almajiransa biyu biyu, cikin Markus sura 6, ya yi addu'a gajeruwa, sa'an nan ya kafa mana doka uku. Kada wanda ya wuce jagaba. Kada wanda ya sha ruwansa shi kaɗai. In aka ji ƙararrawa sau uku daga baya, kowa ya tsaya.

Mutane sukan ce ƙasarmu ba hamada ba ce. Gaskiya ne, amma ko wace shekara hamada takan zo ta gaishe mu har gida. Iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura daga wani busasshen kwari da ke arewa da Tafkin Cadi, ta watsa mana tun daga Disamba har Fabrairu. Ran nan da gari ya waye ba mu ga rana ba sai wani farin faifai cikin hazo. An ƙone daji, ƙasa ta yi baƙi ƙirin, ba abin da ke tsaye sai kaɗanya da ɗorawa da kuka. Hanya jar ƙasa ce mai gargada, tana girgiza mutum har haƙora su riƙa kaɗuwa. Inda gargada ta ƙare sai rairayi, taya ta nutse, a sauka a tura.

Kafin hantsi mun yi faci sau huɗu. Tsidau da ƙayar daji ba su san mai bishara ba. Duk sa'ad da ƙararrawa ta kaɗa sau uku, mutum 13 su tsaya sabo da mutum ɗaya. Waɗansu samari suka fara gunaguni, suna cewa da an bar su da tuni sun kai dutse. Madugu ya yi kamar bai ji ba, sai dai ya ce, "Samari, sannu ba ta hana zuwa."

Daga kudu ba a ganin dutsen Nakpanduri kamar dutse. Ƙasa ce ta ke tashi kaɗan kaɗan, mil bayan mil, ido bai gani ba amma cinya ta sani. Ga iska kuma tana bugun ƙirji. A nan muka koyi wata dabara. Muka jeru ɗaya bayan ɗaya kusa da kusa, na gaba ya tare iska, na baya su sami sauƙi. In na gaba ya gaji sai ya koma baya, wani ya karɓa. Wanda ya ƙi layi ya ce shi zai yi ta kansa, kafin mil biyu numfashinsa ya ƙare.

A BAKIN DUTSE

Rana tsaka muka shiga Nakpanduri, garin Bimobawa, inda Assemblies of God su ke da ɗakin magani. 'Yan'uwa suka ba mu tuwo da ruwa, muka ɗan miƙe ƙafa a inuwa. Sa'an nan jagaba ya kai mu bakin dutse. Jama'a, wanda bai taɓa tsayawa wurin nan ba, ya yi ƙoƙari ya je kafin ya mutu. Ƙasa ta yanke kamar an sa wuƙa. Wannan shi ne bangon dutsen Gambaga, wanda ya miƙe daga wajen Walewale har iyakar Togo. A ƙarƙashinmu, ƙafa ɗari bisa ɗari, ga daji shimfiɗe har inda hazo ya haɗiye shi, shaho yana shawagi ƙasa da ƙafafunmu. Ba wanda ya yi magana. Can wani ya ce a hankali, "Wanda ya yi wannan, ba abin da zai gagare shi."

Hawa da wuya, amma gangara ta fi haɗari. Birkin kekunan nan ɗan guntun roba ne, in ya yi zafi sai ya narke. Madugu ya ce kowa ya sauka ya riƙe kekensa a wuraren da hanya ta yi kwana mai tsanani. Inda ta ɗan miƙe kuwa, jagaba ya nuna mana dabarar mutanen wurin: a sari reshe mai ganye, a ɗaure da igiya a bayan keke, yana jan ƙasa yana rage gudu. Haka muka gangaro, ƙura tana tashi bayanmu kamar garken shanu.

Mun kusa ƙasa ke nan sai igiyar wani saurayi ɗan Konkomba ta tsinke. Shi ne ƙaraminmu duka, bai fi shekara 19 ba. Keke ya kwasa da gudu, ga nauyin littattafai a baya, ya matse birki, roba ta fice. Muna gani ya wuce mutum uku kamar kibiya, ya bar hanya, ya faɗa cikin duwatsu. Muka yar da kekuna muka ruga. Allah ya kiyaye, kansa bai bugu ba, ƙashi bai karye ba. Amma gwiwarsa ta tsage, ba ya iya taka ƙafar, ƙafar keke ta gaba kuma ta lanƙwashe kamar bakan maharbi. Abin da ya fara tambaya shi ne, ko littattafan sun yage.

Akwai wani a cikinmu da ya taɓa aikin ɗaurin miki a asibiti. Ya wanke ciwon da ruwan gora da gishiri, ya yaga rawani ya ɗaure, ya ce ba sai an koma da shi bisa dutse ba. Sa'an nan gardama ta tashi. Waɗansu suka ce masu ƙarfi su ɗauki littattafai su yi gaba domin a cim ma taro, a bar mutum biyu da yaron su taho a hankali. Maganar tana da kan gado, ba ta mugunta ba ce. Madugu ya saurari kowa, sa'an nan ya ce, "'Yan'uwana, a Gwanja muka ji daga kakanninmu, ayarin da ya rabu biyu rabon 'yan fashi ne. Kuma in mun isa Bawku da littafin da ke koya mana ƙauna, muka bar ɗanmu a daji, me za mu karanta musu a ciki? Mu 14 muka tashi, mu 14 za mu isa, ko da tsakar dare ne."

Ba wanda ya ƙara cewa kome. Aka raba kayan yaron. Mutum biyu suka taka ƙafar keken har ta ɗan miƙe, wani ya riƙe shi da hannu ɗaya yana ja a gefensa. Ɗan Dagwamban nan na ƙarshen layi ya shimfiɗa bargonsa a kariya, ya ce, "Ƙanena, hau." Ya goya shi tun daga gindin dutse.

KWARIN MAKAFI

A gindin dutsen akwai kogin Morago, wanda ke zuba cikin Farar Volta. Ƙasa ce mai kyau, baƙa, mai dausayi, amma muka yi tafiya mai nisa ba mu ga gida ko ɗaya ba, sai kufai. Dalili kuwa shi ne wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda da ke haihuwa inda ruwa ke gudu a kan duwatsu. In ya ciji mutum yakan sa masa tsutsa, tsutsar ta hayayyafa cikin jiki, ta kawo ƙaiƙayi mai tsanani, bayan shekaru ta kashe ido. Sabo da shi mutane suka gudu daga ƙasa mai albarka suka cunkushe a kan tudu mai tsakuwa. A 1974 aka kafa babban shiri na ƙasashe bakwai, da hedkwata a Wagadugu, jirage suna zuba magani cikin koguna domin kashe 'ya'yan ƙudan. Lokacin da muka wuce aikin bai daɗe da farawa ba, waɗanda suka riga suka makance kuwa sun makance.

Ruwanmu ya ƙare a nan. Zafin azahar ya sauko, maƙogwaro ya bushe har ba mai iya waƙa. Muka sami wani kududdufi a gindin kogi, muka tace da ƙyalle sabo da tsoron kurkunu, muka jiƙa leɓe kawai. Gora ɗaya da ta ragu aka ba mai ciwo da mai goyonsa.

Da muka hau tudu muka iske ƙauye na fari, gidajen ƙasa kewayayyu a warwatse cikin gonaki. A gindin wata kuka ga maza zaune, fiye da rabinsu ba su gani. Wani tsoho ya taso, yaro yana jansa da sanda, ya yi mana maraba. Ba su san mu ba, ba kuwa masu bi ba ne, hatsinsu ma ya yi ƙaranci a shekarar. Duk da haka matan suka dama garin gero da ruwa a ƙwarya suka kawo, aka zaga da ita har sau uku. Ba mu taɓa shan abin da ya fi wannan daɗi ba.

Tsohon ya tambayi abin da mu ke ɗauke da shi. Ɗaya daga cikin 'yan Kusasi namu ya kwance ɗauri, ya buɗe Markus sura 10, ya karanta labarin makahon nan na bakin hanyar Yariko, wanda jama'a suka tsawata masa ya yi shiru, shi kuwa ya ƙara ɗaga murya, har Yesu ya tsaya ya sa a kira shi. Wurin ya yi tsit. Da aka gama, tsohon ya miƙa hannu aka sa masa littafin, ya shafa bangon, ya shafa takardun, ya ce, "Wa ya koya wa takarda maganar gidanmu?" Sa'an nan ya ce, "Mutumin nan da ya tsaya sabo da makaho, ku sake karanta mini wurin da ya tsaya." Aka sake. Ya roƙa a bar musu ɗaya, ya ce akwai jikansa da ke makaranta a Garu, in ya zo hutu zai karanta musu. Littafi na fari da ya fita daga akwatin nan, a hannun makaho ya sauka. Ku lura kuma, da ayari ya rabu a gindin dutse, da masu littattafai sun wuce ƙauyen nan da gudu ba su tsaya ba.

GARU DA DAREN BAWKU

La'asar sakaliya muka shiga Garu. Aka nuna mana wani mai gyaran keke a bakin kasuwa, Musulmi ne, mutumin zango, ya idar da salla ke nan yana naɗe buzunsa. Ya dubi ƙafar keken, ya dube mu, ƙura ta rufe mu har gira, ya ce, "Malamai, daga ina haka?" Muka ce daga Salaga. Ya riƙe baki. Ya zauna ya kwance ƙafar, ya sake waɗansu wayoyi, ya ɗaure waɗansu, yana juyawa yana dubawa da ido ɗaya, har ta daidaita. Ya yanko roba daga tsohuwar tayar mota ya yi wa birki. Da madugu ya ciro kuɗi, sai ya ce, "Haba Malam, kakana da jaki ya zo ƙasar nan, mutane suka ba shi ruwa. Ku dai ku sa mu a addu'a." Ya san ko mu su wane ne, mu ma mun san ko shi wane ne. Mun sa shi a addu'a shekara da shekaru, muna kuma roƙonku ku riƙa tuna irinsa duk sa'ad da za ku yi magana a kan maƙwabtanmu na zango.

Rana ta faɗi muna bayan Garu. Fitila uku kaɗai gare mu. Aka sa ɗaya gaba, ɗaya tsakiya, ɗaya baya, sauran suna bin ƙarar sarƙar na gabansu. Sanyi ya komo. Mai goyo ya gaji har ƙafafunsa suna rawa, waɗansu suka ce su karɓe shi, ya yarda da mil biyu, sa'an nan ya ce a mayar masa da ƙanensa. Wani ya ɗaga waƙar sujada da Hausa, muka amsa, ko wane ƙauye muka wuce karnuka su yi ta haushi, yara su fito kallo. Wajen ƙarfe 9 na dare muka ga fitilun Bawku. 'Yan'uwa sun fid da zuciya za mu zo a ranar, amma matan zumunta ba su sauke tukunya ba. Suka kawo ruwan zafi da tuwon zafi da miyar kuɓewa. Madugu ya tsaya a ƙofa yana ƙirga mu da hannu muna shiga, har ya kai 14. Da safe aka kai yaron asibiti aka ɗinke gwiwar, aka buɗe taro da littattafan a kan tebur.

ABIN DA SHEKARU SUKA NUNA

Yanzu mu 4 muka ragu daga cikin 14. Mun ga abubuwa da yawa sun sake. Shirin yaƙi da ƙudan nan ya ci gaba har 2002, tun 1987 kuma a ke raba maganin Mectizan kyauta, mutane suka koma noma a kwarin da muka iske kufai. Kurkunu da mu ke tsoro, an ga na ƙarshe a Gana a 2010. Harsunan da dā ba su da ko shafi ɗaya, yau ana karanta Maganar Allah da su a sujada. Domin waɗannan duka sai mu ce, godiya ga Allah.

Amma mun ga baƙin ciki kuma. A 1981, sa'an nan a 1994, yaƙi ya tashi a ƙasashen Bimbilla da Yendi da Salaga, ƙauyukan da muka sha ruwa cikinsu suka ƙone, dubban mutane suka hallaka. Kabilar mai goyo da kabilar wanda aka goya suka zama abokan gaba. Yaron nan, wanda a lokacin ya zama mai bishara da iyali, ya gudu da dare ya bar kome. Ɗan Dagwamban ya je ya kwashe kekensa da littattafansa ya ɓoye a rumbu, mutanensa suna zaginsa suna ce masa maci amana. Bayan sulhun da aka ƙulla a Kumasi a 1996, ya hau keken nan da kansa ya kai masa har inda ya ke. Zumunta a ƙafa ta ke. Bawku kuma, wadda ta karɓe mu da ruwan zafi, rikicin sarauta ya sha zubar da jini a cikinta, ya kuma sake tashi a 2021. A ayarinmu ɗan Kusasi da Bamampurushe gora ɗaya suka sha. Abin da ya yiwu a kan hanya, bai gagari Allah ya yi shi a cikin gari ba.

Cikin Littafin Firistoci sura 25, shekara ta 50 ba ta cin abinci da ɗinkin sababbin riguna ba ce kaɗai. Shekara ce ta sakin bayi, da mayar wa kowa abinsa, da komawar mutum wurin danginsa. Sabo da haka muna da roƙo uku gare ku.

Na fari, ga samari. Har yanzu akwai ƙauyuka a bayan Gushegu da Karaga, da bakin Daka da Oti, inda mota ba ta shiga da damina. Kuna da babur da waya, abin da mu ba mu yi mafarkinsa ba. Amma babur ba ya zuwa inda zuciya ba ta nufa ba. Muna roƙon Ubangijin girbi ya ta da waɗansu daga cikinku yau.

Na biyu, ga ko wace ekklesiya. Akwai masu bishara a ƙauye waɗanda har yanzu da ƙafa su ke zaga wurare uku ko huɗu ran Lahadi. Keke ba ya shan mai, kuma ko wane gari akwai mai gyaransa. Bari ko wace ekklesiya ta ɗauki nauyin keke ɗaya kafin shekarar nan ta ƙare, da famfo da kayan faci.

Na uku, ga dukanmu. Ku riƙe dokar madugu. Kada mai ƙarfi ya wuce ya bar rarrauna, kada kowa ya sha ruwansa shi kaɗai, in kuwa kuka ji ƙararrawa daga baya, ko daga wace kabila ta fito, ku tsaya.

Bari mu sunkuyar da kai. Ya Uba, mun gode maka domin waɗanda suka riga mu, baƙi da 'yan ƙasa, da 'yan'uwanmu 10 da suka huta. Ka ba Salaga da Yendi da Bawku salama. Ka sa wa maƙwabtanmu albarka. Ka ta da sababbin ma'aikata, ka kai mu gida gaba ɗaya, ba wanda ya ɓace a hanya. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.